Hannun Inji a Bayan Tasalla

A ƙarshen zamanin Nasara, in ka ji ƙugin inji a Batsari da magariba, to gidan Sammani mai awon gyaɗa ne. Wani Baturen kanti ne zai koma ƙasarsu, Sammani ya sayo injinsa na lantarki a Katsina, ya haɗa har da wayoyin da aka ɓamɓaro daga bangon gidansa, waɗanda tun a lokacin sun girmi wasu masu gemu. Labaran, tsohon sojan da ya koyo aikin waya a yaƙin Bama, shi ya ja su ɗaki-ɗaki kafin mata su tare. Daga ranar ƙafarsa ba ta sake wuce zaure ba, don gidan Sammani ba a shiga. Inji na rumfarsa a waje yana shan mai da goga kullum. Wayoyin cikin gida kuwa sai abin da Allah ya yi.

Tasalla yayar Sammani ce, ita ta goye shi yana jinjiri. Da mijinta ya rasu a Yasore ta dawo gidan ƙanenta da zama, ta kuma dawo da bakinta, wanda ba ta taɓa ba kowa ajiya ba. Da Zinariya 'yar Sammani ta zo haihuwar fari daga Runka ta sami ɗa namiji, Tasalla ce ta karɓi wankan jego: tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma a bayan ɗaki, ga wuta ƙarƙashin gadon ƙasa ba dare ba rana.

Wata magariba, inji na ƙugi, Tasalla ta gama fyaɗa wa Zinariya ruwa, ta dafa jiƙaƙƙen bango za ta miƙe. Sai ta ji wani abu ya fizge ta tun daga yatsu har haƙora. Ta yi salati ta zube. Matan gida suka ce iska ce ke bin mai jego, a nemo turare. Tasalla ta ɗaga kai ta ga wayar da ta bi bangon ta shige ɗakin. Tururi da zafi sun cinye rigarta, baƙin danƙon na zuba kamar ƙanzo, jan ƙarfen a fili.

"Wace irin iska ce wagga, da ba ta tashi sai an tada inji?" in ji ta.

Da safe ta tare Sammani. Ana gobe suna ne, baƙi sun fara sauka daga Safana da Karare, shi kuwa ya ci alwashin tun la'asar za a tada inji, rediyo ta yi magana, ƙwan lantarki ya kama ko'ina.

"Sammani, ka bar Labaran shi shigo shi duba wayar ɗakin ɗiyarka."

"Haba Yaya! Ƙato cikin gidana, gida cike da matan mutane? Mi za a ce da ni? A bari sai bayan suna."

"In wuta ta tashi, ita ma sai ta yi sallama a zaure?"

Ya yi dariya, ya kaɗa rigarsa ya fita. Tasalla ta ji zuciyarta ta tafasa, kuma ƙarƙashin fushin akwai tsoro, don ta san inda jaririn ke kwana: daidai ƙarƙashin azarar da wayar ta bi.

Ta yafa gyale ta nufi rumfar inji. Tsohuwa ce, ba mai tambayarta ina za ta. Ta tarar da Labaran na zuba mai, suka gaisa, ta faɗa masa abin da ta gani. Fuskarsa ta canja.

"Gwaggo, kada kowa shi taɓa ta, balle da jiƙaƙƙen hannu. Tsohuwar waya ba a yi mata faci, cire ta akai. Kuma ba a taɓa ta sai inji na kashe, an tabbata ba mai iya tada shi."

"To kada ka tada."

"Ni bara ne, Gwaggo. In Maigida ya ce in tada, ko na ƙi, Sule direba ya iya."

"Da mi ake tada shi?"

Ya nuna mata wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke rataye, hannun inji, wanda ake murzawa injin ya kama. Ta sauke ƙarfen, ta ɗora a baya, ta ja zane ta ɗaure da majanyi kamar goyo, ta bi ta gaban baƙin da ke zaune a ƙofar gida tana amsa gaisuwa, ta shige.

La'asar ta yi, aka nemi hannun inji sama ko ƙasa. Da Sammani ya ji inda yake, ya aika Labaran ya karɓo. Labaran ya kai bakin zaure ya tsaya, ya ce ai gidan ba a shiga. Dole Maigida ya shiga da kansa, yana huci. Ya tarar da Tasalla zaune a kan turmi a ƙofar ɗakin mai jego, ƙarfe ya leƙo ta kafaɗarta.

"Yaya, kin kunyata ni gaban mutane. Ba ni."

"Zo ka kwance. Bayan da ya goye ka ne, ai ka san hanya."

Sammani ya miƙa hannu, ya janye. Mutum ne mai ƙarfi da faɗa, amma ba a haifi wanda zai kwance majanyin yayarsa a gaban surukai ba.

"Ƙarfen Labaran ne," in ji ta. "Shi zan ba, hannu da hannu, nan inda nike zaune. Ko in kwana da shi har a yanka rago."

Can Sammani ya juya ya ɗaga murya cikin takaici: "Mata a shiga ɗaki! Namiji zai shigo!"

Labaran ya shigo kai a sunkuye yana ta sallama. Ya fara duba bayan Tasalla ya tabbata ƙarfen na nan, sannan ya shiga ɗakin. Zinariya ta lulluɓe a ƙuryar gado. Ya ɗauki busasshiyar sanda ya ɗan zunguri wayar da ke jikin azara. Rigar wayar ta ruguje ta zubo. Inda wayar ta kwanta, azarar ta ƙone ta zama gawayi, zurfin ɗan yatsa, baƙin garin gawayin ya sauko kan farin zanen da jaririn ke ciki.

Sammani bai san lokacin da ya tsallaka ya sure jikansa ba. Ya fito da shi tsakar gida yana kakkaɓe zanen, yana kakkaɓewa, alhali ba sauran komai a jiki.

Labaran ya leƙo ya ce, "Gwaggo, kawo in ajiye maki, ya yi nauyi."

"Sai ka cire waya ta ƙarshe," in ji Tasalla, ta ƙara tamke majanyin.

Sammani bai ɗago ba. Ya ce a aika kasuwa a sayo kananzir, a wanke fitilu.