Hanyar Ƙarshe ta Jirgin Ogalo

Tun daga bakin ƙofar shagon Baba Odundo, Akumu ta gane na'urar jirgin mijinta. Ga ta can kan tebur, cikin tsofaffin na'urorin gano kifi da na nuna hanya, da tsagar nan a gefen gilashi wadda mijinta Ogalo ya liƙe da jan-farcenta.

Yau kwana tara da fitarsa kamun giwan ruwa. Kwale-kwalensa ya dawo gaɓar Sindo shi kaɗai, ba inji, ba na'ura, ba Ogalo. An haƙa kabari a gidansu, har ruwan sama ya fara cika shi.

"Baba Odundo, wa ya kawo maka wannan?"

"Haba Maman Apondi! Ni ɗan kasuwa ne, ba ɗan sanda ba."

Kowa a bakin tafkin nan ya san 'yan fashin ruwa ne ke kawo wa tsohon kaya, kuma kowa wurinsa yake saye, saboda araha. Shi kansa Ogalo a nan ya sayi wannan ɗin bara, yana washe baki, bai tambayi ko ta waye ba. Tuna wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Ta durƙusa.

"Ba ƙararka zan kai ba, Baba. Na'urar tana riƙe duk hanyar da jirgi ya bi. Ka kunna min in ga inda ya tsaya, masu nutso su je su ɗauko min shi. Mahaifiyarsa ko ruwa ba ta sha, ta ce sai ɗanta ya kwanta a ƙasar gida."

Odundo ya ɗauki na'urar.

"Tashi, 'yata. Bari in haɗa mata batir a ciki."

* * *

Ta zauna kan benci tana lissafa waɗanda za ta roƙa su fita da jirgi. Rabonta da numfashi mai daɗi irin wannan tun ranar da abin ya faru.

Ya fito ya miƙa mata, idonsa na kan titi.

Gilashin ya kawo haske, shuɗi fetal. Babu layi, babu ɗigo ko ɗaya.

"Haka nake wanke kowace kafin in sayar," in ji shi a hankali. "Ni ma ina da 'ya'ya."

Kaico! Ko kuka ta kasa. Ta dinga goga gilashin da bakin zanenta, ko wani abu zai fito.

Wani masunci da ke tsaye a bayanta ya gyara murya.

"Mama, in ba saye za ki yi ba, miƙo in gani."