Gahawar Ummu Jasim

A shekarun da kuɗin man fetur ya cika Landan da Larabawa, Hajiya Karimatu ta zo daga Kano ganin likitan ido a unguwar Marylebone, ta sauka wajen 'yarta Saudatu. A hawa na sama na benen akwai wata Balarabiya, Ummu Jasim, mutuniyar Kuwait. To, mijin Saudatu ya sami aikin asibiti a can Kuwait ɗin, Ummu Jasim kuma ta ce watakila danginta su riƙe Saudatu kamar 'yar gida. Wannan "watakila" ita ta hana Hajiya sakat. Ta ce sai ta hau gaisuwa, kada a ɗauka yarinya ba ta da manya.

"Inna, tsaya in gaya miki yadda suke yi," in ji Saudatu.

"Ke tafi can! Ni za ki koya wa zama da Larabawa? Na je Makka tun kina tatata."

Suka hau. Aka kunna turaren wuta, aka kawo dabino. Ummu Jasim ta tsiyayo gahawa a ɗan finjali, ko rabi bai kai ba. Hajiya ta ce a ranta, duk wannan arziki, ashe ga rowa! Ta kurɓe, ta miƙa finjalin. Aka sake zubawa. A wajenmu kuwa wa ke mayar da hannun kyauta? Ta shanye. Aka ƙara. Ɗaci kamar maɗaci, amma Hajiya sai "Shukuran" take yi, iyakar Larabcin da ya rage mata ke nan. Buta ta ƙare, aka kawo wata. Saudatu na ta ƙifta mata ido, ita kuma tana zabga mata harara.

Can zuciyar Hajiya ta fara dukan uku-uku, gumi ya jiƙa mayafi, ga mara ta cika fam. Tana miƙa finjali sai hannu ya kama rawa don kansa, kar-kar-kar!

"Alhamdulillah!" Ummu Jasim ta dire buta har da ajiyar zuciya. Ashe a wajensu in ka ƙoshi, girgiza finjali ake yi, in ba haka ba a yi ta zuba maka har Mahadi ya bayyana. Ta rungume Saudatu, ta ce ba a taɓa girmama gahawarta haka ba, yau ɗin nan za ta buga wa yayarta waya a Kuwait a gyara wa Saudatu ɗaki.

A matakala Saudatu dariya har da hawaye. "Inna, abin da na so gaya miki ke nan fa!"

"Na sani mana, jan aji na yi. Buɗe ƙofar nan, ja'ira, kafin in yi abin kunya a kafet ɗin Bature!"