Ranar Wanki

"Ba ni tashi sai na gani," in ji Lorna Stathers, ta ƙara gyara zama a kan tulin igiya.

Keith Oglesby, mai nutso ƙarƙashin teku, ya dube ta ya girgiza kai. Tun bazara take masa sintiri a rumfarsa ta bakin ruwa a Bridlington, kuma duk wanda ya san matan Hessle Road, unguwar masunta ta birnin Hull, ya san ba a korar su da ɗaure fuska.

"Baiwar Allah, ke ba kya gajiya? Jiragen kamun kifin da yaƙi ya ci a tekun nan sun fi gashin kaina yawa."

"Gashin naka ai ba yawa gare shi ba. Nuna min."

Jirgin da take nema shi ne Ethel Marwood, wanda ya fita daga Hull a farkon Yaƙin Duniya na Biyu da kakanta a ciki, bai dawo ba. Ba gawa, ba ko guntun katako. A unguwarsu kuwa akwai doka: mace ba ta wanki ranar da mijinta ya fita teku, wai za ta wanke shi daga duniya. Kakarta Ivy ta yi wanki ran nan, don jaririnta na ta zawo. Uwar mijin ta ga tsumma a igiya, shi ke nan. Matan layin suka daina gaishe da Ivy har ta mutu. Doreen, mahaifiyar Lorna, tana yarinya ta ga wannan duka, yanzu ga ta kwance a gidan kula da tsofaffi, likita ya ce a bar sa rai da hunturu mai zuwa.

Keith ya buɗe mata bidiyon da ya ɗauko a ƙarƙashin teku a wayarsa. Ruwa kore, ƙarfe duk tsatsa, sai hannunsa ya goge wata ƙararrawa, sunan jirgin ya fito.

"Dubi goshinsa," ya ce. "Kin ga ƙarfen ya lanƙwashe ciki? Guguwa ba ta yin haka. Nakiyar Jamusawa ya taka."

Lorna ta yi niyyar yi masa godiya, kuka ya riga ta. Ya tura mata bidiyon, ya haɗa mata shayi mai kauri.

A bas ɗin komawa Hull haushi ne ya cika ta. Shekara tamanin da ɗoriya ana zagin mace a kan tsumman jariri!

Ta tarar da Doreen zaune a jikin matashi, ta sa mata tabarau, ta riƙe mata wayar. Tsohuwar ta kalla har sau uku.

"Nakiya, Mama. Ba Kaka Ivy ba ce."

"Ta mutu tana cewa ita ce," in ji Doreen. "Ko ruwan sabulu ba ta son gani." Sannan ta ce, "Lahadi ki kai ni kabarinta. Ni zan faɗa mata da bakina."

"Likita ba zai..."

"Uwar likitan ce?"

Lorna ta yi dariya tana share ido. Ta tattara rigunan barcin tsohuwar a leda. "Zan kawo miki su jibi."

"Jibi? Injin wankin naki ya lalace?"

Lorna ta sunkuyar da kai. Ɗanta Callum yana aiki a jirgin da ke kai ma'aikata wurin injinan samar da lantarki da iska na cikin teku, kuma yau da safe ya fita. Ita da ta yi shekaru tana kiran dokar nan shirmen tsofaffi, ba ta taɓa kunna injin wanki ranar fitarsa ba.

Doreen ta kama wuyan hannunta, da ƙarfin da Lorna ba ta san ya rage mata ba.

"Yau za ki wanke su, 'yar nan. Kuma a waje za ki shanya, kowa ya gani."

Da la'asar Lorna ta tsaya gaban injin. Tsoro take ji, ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta zuba sabulu ta danna. Da ya gama, ta fita bayan gida ta shanya rigunan ɗaya bayan ɗaya a igiyar da ta fi kusa da titi, wayarta na cikin aljihu, ta ƙure mata ƙara ko Callum zai kira.