Tufka a Gindin Dutsen Tudun Marke

Tun ranar da Bahijja ta je Kazaure ta gaya wa baffanta, Malam Muhammadu Lawal, cewa shi zai ba da tarihin gari, mutanen gidansa ba su ƙara samun sakat ba. Bahijja 'yar ƙaninsa ce, malamar firamare a Tudun Marke, wani ƙauye da ke jingine da duwatsun Roni. Ita da ƙungiyar matasan garin suka shirya taron yini guda, suka sa masa suna Mu San Gida. Da safe za a hau dutse ana nuna wa yara itatuwa da tsuntsaye, a can sama a zauna a ji tarihi, in an sauko kuma kowane gida ya shimfiɗa tabarmarsa a yi aikin hannu, iyaye da 'ya'ya da jikoki.

A cikin ukun nan na tsakiya kawai Malam Lawal ya ji. A Tudun Marke aka haife shi, Bafulatani ne ɗan makiyaya, amma boko ya ɗauke shi tun yana saurayi, ya yi aikin ofis a Kazaure har ya yi ritaya. Ya daɗe yana jin cewa akwai jawabi a cikinsa, taron da zai saurara ne bai samu ba. Yanzu da ya samu, sai ya shiga gwaji. Yakan tsaya a tsakar gida ya gyara murya ya ce, "Ya ku jama'a," awaki su ɗago kai su dube shi, su koma kan dusarsu.

Matarsa Saude tana tsince shinkafa ta ce, "Malam, ka dai ji an ce a saman dutse za a yi tarihin ko?"

"Ni za ki gaya wa dutsen nan? A kansa na yi kiwo. Da gudu nake hawa, da maraƙi a kafaɗa."

"Lokacin ba ka da wannan," in ji ta, ta nuna tumbinsa da leɓe.

Ranar taron ta faɗo bayan an gama yankan gero. Suka shiga mota zuwa Roni, daga can suka hau babura biyu, shi da Saude da jikarsu Zara, 'yar aji uku mai bakin tsiya wadda yake kira amarya. Malam Lawal ya sha babbar riga ta shadda wadda sitaci ya sa take ƙara in ya motsa, da rufaffen takalmi mai santsin ƙasa. Kowa a filin taron da silifa ko takalmin roba ya zo.

Mutumin da ya fara tarbarsa shi ne wanda ya fi fatan kada ya gani: Dunoma, Babarbare, tsohon mai sayar da kanwa, siriri kamar kara. Tare suka taso, kuma tun suna yara suke wasan nan na Fulani da Barebari, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Babbar gardamarsu ita ce wa ya fara zama a Tudun Marke. Malam Lawal ya ce kakansa Arɗo Jaɓɓo ne, da garkensa. Dunoma ya ce kakansa Mala Bukar ne, da ayarinsa.

Dunoma ya zagaya shi yana kallon rigar. "Fullo, ɗaurin aure aka ce maka? Ko dutsen ne za ka nema wa aure?"

"Bawa ba ya tambayar ubangidansa abin da ya sa. Karɓi jakata."

"Ka riƙe abarka, za ka buƙaci abin tokarawa."

Bahijja ta yi magana a ƙaramar lasifikar da aka aro daga makaranta, aka kama hanya. Tsofaffin mata, har da Saude, suka tsaya a gindin wata babbar tsamiya suna jera kayan aikin hannu. Da farko Malam Lawal ya yi abin a yaba. Ya nuna wa yara marke da ganyensa da ake rini da shi, ya nuna kalgo, ya tsinko aduwa ya ba wani uba ya tsotsa, mutumin ya yamutsa fuska yara suka kwashe da dariya. Da wata hasbiya ta tashi daga cikin sabara, shi ya fara faɗin sunanta. Zara tana riƙe da gefen rigarsa tana taƙama, tana gaya wa duk wanda ya matso cewa kakanta ne.

Sai hanya ta miƙe tsaye. Takalmin ya fara zamewa a kan falalen dutse, rigar ta yi nauyi kamar an jiƙa ta, numfashinsa ya koma kamar zugazugin maƙeri. Ya tsaya a gindin wata magarya ya yi dogon bayani a kanta. Aka ɗan matsa, ya sake tsayawa a wata bishiya, bayanin ya fi na farko tsawo. Da aka ƙara matsawa bai sami bishiya ba, sai ya dafa wani ɗan tsiro ya ce a taru.

"Wannan da kuke gani..."

"Kaka, sabara ce," in ji Zara. "Ka gaya mana a ƙasa."

"Ta sama daban take da ta ƙasa."

Bahijja ta matso ta rage murya. "Baffa, ko mu bari sai an sauko a yi tarihin a gindin tsamiya? Ba wani abu ba ne."

Da su biyu ne kawai da wataƙila ya yarda. Amma Dunoma na tsaye a kan wani dutse sama da shi, ko gumi bai yi ba. Malam Lawal ya ce, "Ku yi gaba, ina tafe. Akwai wani tsiro da nake son dubawa."

"Duba shi da kyau, Fullo," in ji Dunoma. "Kada ka damu da tarihi, zan riƙe maka shi kafin ka iso."

Jama'a suka wuce. Malam Lawal ya zauna a kan dutse, ya cire hula yana fifita. Zara ta ƙi bin su, ta ce ba za ta bar tsoho shi kaɗai kura ta ɗauke shi ba, wa zai riƙa saya mata alawa. Ya ɗaga kai ya dubi sauran hanyar, ya gane ƙafafunsa sun riga sun yanke shawara ba tare da shi ba. Bai daɗe da zama ba sai ga lasifika ta yi ƙara daga sama, muryar Dunoma ta gangaro tar kamar a kunnensa.

"Jama'a, lokacin da kakana Mala Bukar ya iso nan, ba kowa sai birai da wani Bafulatani yana barci a gindin marke. Kakana ya tashe shi ya ce riƙe mini linzami..."

Dariyar mutane ta biyo baya. Malam Lawal ya so ya yi dariya shi ma, don ya san wasa ne, amma dariyar ta ƙi zuwa. Ba maganar Dunoma ce ta dame shi ba. Ya tuna da gaske ya taɓa hawa nan da maraƙi a kafaɗa, ga shi yau rigarsa ma ta gagare shi kaiwa.

"Tashi mu koma, amarya," ya ce.

A gindin tsamiya mata sun jiƙa kaba, wata an rina ta ja wata kore, ga yumɓu a cikin kwatanniya, ga ƙore da wuƙaƙen zane, ga damin rama da aka ɓare. Saude ta ga mijinta ya dawo da takalmi a hannu. Ta matsa masa a tabarma ta miƙa masa ruwa a moɗa. Da ta yi masa tsiya da ya fi jin daɗi.

Zara ta ɗebi yumɓu ta gina saniya mai ƙafa uku da rabi, sannan ta zari rama za ta yi mata igiya. Tana murɗawa yana warwarewa. Malam Lawal ya kau da kai, ya sake dubawa, ya sake kau da kai. Daga ƙarshe ya kasa haƙuri.

"Ba haka ake yi ba. Kawo."

Ya raba ramar biyu, ya nemi inda zai murza, riga ta tare ko'ina. Ya tuɓe ta ya miƙa wa Saude, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, ya tofa yawu a tafi, ya ɗora zaren a ƙwauri ya murza gaba, ya dawo da shi baya. Zare biyu suka rungumi juna. Shi kansa sai da ya tsaya ya dubi hannunsa. Rabonsa da tufka tun kafin ya san Saude, amma yatsun ba su nemi izininsa ba, suka ci gaba abinsu.

"Wa ya koya maka?" in ji Zara.

"Innata. Ita ke tufka dangwali, igiyar da ake jera maruƙa a ɗaure su in za a yi tatsa. A nan take zama, kin ga saiwar can da ta fito waje? Nan."

Bai gyara murya ba, bai ce ya ku jama'a ba. Idonsa na kan igiya ya ba su labarin shekarar da ruwa ya ƙi, tsohuwar rijiyar gari ta ja baya har guga ya daina kaiwa. Kowane gida ya kawo abin da yake da shi, wasu rama, wasu ɓawon kalgo, wasu kaba, aka zauna a gindin tsamiyar nan ana tufka ana haɗawa, har igiyar ta isa a zura mutum ya yi yasa. Ya ce yana ƙarami aka ba shi aikin riƙe bakin igiya, ya riƙe har barci ya kwashe shi, da ya farka ya tarar an ɗaura masa ita a babban yatsan ƙafa. Ya faɗi sunayen matan da suka zauna, da wadda ke waƙa, da wadda ta fi kowa mita. Wata tsohuwa ta ajiye faifan da take ɗinki ta ce, "Mai mitar nan gwaggona ce, Allah ya jiƙanta," aka yi dariya aka ce amin.

Saude ta dube shi. "Malam, duk zaman da muka yi ban taɓa jin wannan ba."

"Ai ba tarihi ba ne," in ji shi. "Hira ce."

Masu saukowa daga dutse suka tarar da shi daga shi sai 'yar ciki, ƙwauri a waje, igiya ta yi tsawo a gabansa. Yara suka zube kewaye da shi, kowa ya naɗe wando. Iyaye maza da suka yi niyyar tsayawa gefe su bar wa mata aikin hannu suka fara matsowa, wannan ya ce shi ma kakansa ya iya, wancan ya ce a ba shi ya gwada.

Dunoma ne ya iso a ƙarshe, yana tafiya a hankali, hannu biyu a ƙugu. Bahijja tana danne dariya ta raɗa wa baffanta abin da ya faru: Baba Dunoma ya yi tsalle ne zai nuna yadda Mala Bukar ke hawa doki, tazugensa ya tsinke.

Dunoma ya durƙusa kusa da shi. "Lawal, yanko mini kaɗan."

Rabon da ya kira shi da sunansa har an manta. Malam Lawal ya ci gaba da murza. "Ban ji ba. Kunnen wanda ke barci a gindin marke ba ya ji sosai."

"Don Allah, ka ga mata a wurin."

"Bahijja, miƙo lasifikar nan. Wa ya fara zama a Tudun Marke?"

Dunoma ya dubi lasifikar da aka kara masa a baki, ga hannuwa ba damar sakewa. "To, jama'a, tare suka zo."

"Wa ya riga?"

Dunoma ya dubi igiya, ya dubi sama. "Shanu ne suka riga. Su suka jawo kakanka, shi bai san inda za shi ba."

Wurin ya kaure da dariya, har Saude sai da ta rufe fuska da mayafi. Malam Lawal ya yi tunani ya ga shanun dai na Arɗo Jaɓɓo ne, saboda haka ya karɓi hukuncin. Ya yanko igiya mai kyau ya ba shi, aka kare Dunoma da tabarma ya zura ta a wando.

Bayan la'asar Bahijja ta zo ta ce, "Baffa, ga lasifika, har yanzu da lokacin jawabinka." Ya dubi layin yara da iyayensu, kowa da zare a ƙwauri, wani yana murzawa baibai. Ya ce ta ɗan dakata ya gyara wa wancan. Daga wancan ya koma kan wani, har rana ta yi sanyi aka fara naɗe tabarmi. Ya koma Kazaure da ƙwauri ja wur, gashin wurin duk ya tafi, Zara kuma da saniyarta a cikin ƙwarya, ɗaure da igiyar da ta fi ta tsawo.

Ba a yi mako ba wani direba ya kawo masa labari daga kasuwar Roni. Wai Dunoma na zaune a rumfar masu kanwa yana ɗaga riga yana nuna wa mutane igiyar, yana cewa harajin bana ne da bawansa Bafulatani ya kawo masa, da hannunsa ya tufka, a gaban shaidu.

Malam Lawal ya ajiye kofin shayi. "Saude, yaushe kasuwar Roni take ci?"

"Me za ka saya?"

"Ba saye zan yi ba. Igiyata zan karɓo, a tsakiyar kasuwa."