Mu Gumsu Mala Uku

"Gumsu, wace shekara aka haife ki?" Likita Kyari ya tambaye ni daga kan tabarmarsa, kwamfuta a cinya, numfashi na fita da ƙyar.

Na ce, "Malam, don wannan ka taso ni daga bakin murhu? Ina na sani. Shekarar da fari suka cinye geron Yindiski, in ji innata."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma shekara talatin yana duba mu a ƙaramin asibitin unguwa. Ciwon zuciya ya kwantar da shi, kowa ya san ba na tashi ba ne, amma shi wai aiki yake.

Ga abin da ya hana shi sakat. Da aka kwashe katunanmu na asibiti aka zuba a kwamfuta, duk wanda bai san ranar haihuwarsa ba sai a rubuta masa ɗaya ga Janairu. To, mu Gumsu Mala mu uku ne a unguwar, babu wadda ta san tata, sai aka haɗe mu muka zama mace ɗaya. Ni kuwa akwai allurar da in aka yi mini maƙogwarona ke toshewa, ta taɓa kai ni bakin kabari. Wannan bayanin ya ɓace a haɗin, a ƙwaƙwalwar Malam kaɗai ya rage.

Najiba, likitar da ya horar, ita ke zuwa bayan la'asar tana koya masa kwamfutar.

"Baba, ka faɗa mini kawai in shigar," ta ce.

"A'a, 'yata. Na koya miki sauraren ƙirji, ke ma koya mini wannan. Mutanen nan ɗaya-ɗaya suke faɗo mini a rai, ba sai kina nan ba."

Da yatsa ɗaya yake bugawa, kamar kaza na tsintar gero. Na yi masa faɗa har na gaji, tuwon da na aika ma sai ya huce. Mutum sittin da biyu ya rarraba kafin ya cika, ranar wata Talata da hantsi. Wallahi na yi kukan da ban yi wa wasu dangina ba.

Bayan wata biyu ƙafata ta yi gyambo. Najiba ta yi tafiya, da na je asibiti sai na tarar da sabon likita wanda bai taɓa ganina ba. Ya ce a ɗauko allura, sannan ya buga sunana, ya tsaya.

"Mama, ku uku ne a nan. Wace ce ke?"

"Karanto mini, ɗan nan."

Ya karanta biyu, ba ni ba. Sai ta uku: "Gumsu Mala, maƙwabciyata, mai faɗa. Kada a kuskura a yi mata fenisilin."

Ashe ita aka ɗauko; nas ta mayar da kwalbar cikin kwali. Ban iya boko ba, amma na ce ya juyo mini da allon. Layi ɗaya ne ja a ƙasan sunan. Na ɗora yatsana a kai.