Kwana Uku Kafin Shekara Biyu Ta Cika

Itatuwan pekan arba'in da ɗaya ne a bakin kogin garinmu, Santa Rufina, masu 'ya'ya kamar gyaɗa da ake fasa ɓawonsu a ci. Babana Delfino ne ya dasa su tare da mahaifiyata Ofelia a shekarar da suka yi aure, shi yana haƙa, ita tana ɗebo ruwa da bokiti. Filin na gari ne, Baba kuwa lokacin ma'aikacin lambunan gari ne, ba wanda ya sa shi, ba wanda ya hana shi. Tun da Mama ta rasu, can yake zuwa kowace safiya da kofin kofi a hannu, ya zauna a gindin itace na bakwai daga gada, wanda ta ce nata ne. Duk littattafan da na cika kaina da su, ban taɓa karanta soyayyar da ta kama ƙafar wannan ba.

A watan Nuwamba majalisar gari ta ba da sanarwar za ta sayar da filin ga wani kamfani ya gina rumbun ajiye kaya, a kammala ciniki a watan Yuli. Baba ya karanta, ya ninke jaridar, ya ci gaba da cin wakensa kamar bai ga komai ba. Ni ce na kasa haƙuri.

"Baba, akwai hanya. A gyara kundin tsarin mulkin gari, a rubuta cewa ba a sayar da filin jama'a sai jama'a sun kaɗa ƙuri'a. In muka tara sa hannu, dole a sa tambayar a zaɓen watan Mayu."

"Lauya marar kwali," in ji shi. "Yaushe kika gama makarantar ban sani ba?"

"A ɗakin karatu na gama ta. Na duba komai. Sharaɗi ɗaya ne mai tsauri: dokar jiharmu ta Texas ba ta yarda a taɓa kundin gari ba sai an yi shekara biyu da gyaran baya. An gyara namu a Mayun bara. Mayu mai zuwa shekara biyu ke nan."

Ya ɗaga yatsu biyu, ya ce, "Mayu, Mayu." Ya gyaɗa kai. Ranar na ga fuskarsa ta yi wani haske da rabona da ganinsa tun Mama na da rai.

Wata biyu muka yi muna bin gida gida cikin sanyi, muna tsayawa a ƙofar coci ran Lahadi. Baba na saɓe da buhun pekan, duk wanda ya sa hannu ya damƙa masa cikin tafi.

"Ki shaida, Araceli, ba toshiyar baki ba ce. Sai sun sa hannu nake bayarwa."

Maƙwabcinmu tsoho Hruska ya leƙo ta taga ya ce, "Delfino, kuregu ne suka aiko ka?"

"Su ne. Sun ce kai ma ɗan'uwansu ne, haƙora biyu suka rage maka."

Hruska ya fito da rigar barci, ya sa hannu yana zaginsa, ya kuma kira matarsa ita ma ta sa.

Ɗari biyar ake bukata, muka kai ɗari bakwai da arba'in ga sakatariyar gari, Madam Darlene Kubicek, wadda a da tare suke waƙa da Mama a coci. Bayan kwana goma ta bugo waya ta ce mu zo mu biyu. Baba ya sa rigarsa ta bikin aure.

Ba ta yi mana murmushi ba. Ta rufe ƙofar ofis, ta juyo da kalanda ta fuskance mu.

"Sa hannunku ya yi, babu abin da za a ce. Amma lauyan gari ya duba ranaku. Zaɓe ran Asabar ta farko a watan Mayu ake yin sa. Wancan karon ta faɗo bakwai ga wata. Bana huɗu ga wata ce."

"To, sai me?" na ce.

"Sai bakwai ga wata shekara biyu za ta cika, 'yata. Da kwana ake ƙirgawa, ba da wata ba. Kun gaza da kwana uku."

"A matsar da zaɓen zuwa Asabar ta gaba mana."

"Ba ni da wannan iko, magajin gari ma ba shi da shi. Jiha ce ke yanka ranakun. In an rasa Mayu, sai Nuwamba."

"A Yuli za su sayar."

"Na sani."

Baba ya juya hularsa a kan gwiwa. "Darlene, kwana uku. Ko wake aka shuka bai tsiro ba."

"Delfino, da da biro ake gyara shi, da tuni na gyara. Na ci pekan ɗin Ofelia fiye da kowa a garin nan."

Baba ya tambaya, "Wai me aka gyara wancan karon?"

"Cewa a riƙa buga sanarwar majalisa a intanet."

Na tuna. Shi ne zaɓena na farko a duniya. Na zaɓi "e" ba tare da na karanta tambayar har ƙarshe ba, na fito ina ɗaukar kaina hoto.

Abin da ya rage shi ne mu roƙi majalisa ta ɗage cinikin zuwa bayan Nuwamba. A zaman majalisa minti uku ake ba kowa. Baba ya ƙi takardar da na rubuta masa, ya ce da bakinsa zai yi magana. Ya fara da shekarar fari, yadda Mama ta yi ta jigilar ruwa da tsohon ciki don kada dashen ya mutu. Bai kai ga roƙon ba ƙararrawa ta kaɗa.

"Mun gode, Malam Delfino," in ji magajin gari cikin ladabi. "Na gaba."

Da aka zo batun ɗage cinikin, 'yan majalisa huɗu suka ce an riga an sa hannu a yarjejeniya, ɗaya ta goyi bayanmu.

A waje na riƙe hannunsa ina kuka. "Baba, ka yafe mini. Da na buɗe kalanda tun farko, da mun nemi wata hanya, da ba mu ɓata wata biyu ba."

"Ni ma na ƙirga tare da ke," ya ce. "Yatsuna biyu na ɗaga, ko kin manta?"

A watan Agusta aka kawo injinan sara. Kwana biyu suka yi. Baba ya roƙi mai gadi ya bar shi ya shiga wurin itace na bakwai, ya tsinko 'ya'yan cike da hula. A gida ya fasa ɗaya, ya fasa na biyu. Cikinsu ruwa ne tsululu.

"Ba su ƙosa ba," ya ce. "Ko an shuka ba za su fito ba." Amma bai zubar ba, ya jera su a bakin taga har suka yi baƙi.

Ran zaɓen Nuwamba na ce ba zan je ba. Na fito na tarar da shi a bakin ƙofa cikin rigar bikin aure.

"Tashi, lauya. Mutum ɗari bakwai da arba'in muka tayar daga kan abincinsu."

Muka je, muka zaɓi "e". Gyaran ya wuce da rinjaye mai yawa, amma sai washegari muka ji. A ranar dai, da muka fito, Baba ya ce mu bi ta gada. An zagaye filin da waya, an zuba siminti har bakin ruwa. Ya fara ƙirga taku daga gada, ya tsaya a inda yake zaton nan ne, ya duba hagu, ya duba dama, ya ƙara taku biyu, ya dawo baya.

"Da yanzu 'ya'yan pekan suna zuba," ya ce. "Nan ne, ko can gaba kaɗan?"

Na duba simintin, ban ga alamar komai ba.

"Nan ne, Baba," na ce.