Ƙyallayen Baba Tarkace

Tun da mahaifinta ya kwanta ciwo ta karɓi shagon ɗinkin, teloli suka laƙa mata suna Sufeto, a bayan idonta dai. Ta sani sarai, ko a jikinta. Juji ta tarar mai kekuna goma sha biyu: almakashi a ƙarƙashin kujera, allura a ƙasa tana jiran ƙafar mai tsautsayi, kayan mutane suna ɓata sai ka ce da aljanu. Cikin wata biyu ta saita komai. Kowane almakashi da ƙusarsa a bango, kuma kafin a tashi aiki mai shara za ta kwashe duk ƙyallen da ke kan tebur ta juye a durom ɗin bayan shago. Har mai shagon ɗinkin tsallaken titi ya zo da fara'arsa, ya yaba tsafta, ya roƙi a bar masa ƙyallayen ya riƙa cusa matashin kai. Ta ce ya kwasa, ya ma rage mata aiki.

Mutum ɗaya ne ya gagare ta: Baba Tarkace, aminin mahaifinta, wanda duk wani sabon samfurin shagon daga hannunsa ya fito shekara ashirin da shida. Shi aikinsa ba shi da kai ba shi da gindi. Sai ya tsinci ƙyalle nan, ya tsinci can, ya haɗa da fil, ya zuba masa ido, ya watsar ya yi kwana uku bai waiwaya ba. Ta yi masa magana cikin ladabi, ya ce to, 'yata. Ta sake yi, ya ce to, 'yata. Ba ta ƙara ba, ta dai ce wa mai shara doka ba ta san tsoho ba.

Daga nan samfuri ya ɗauke ƙaf. Mako bakwai Baba bai kawo ko sabon aljihu ba. Amma ran nan tana buɗe shago ta hango riga a tagar na tsallake, wuyanta kore a kan shunayya, an karkata shi gefe. Ta tsaya ta ƙura wa rigar ido. Wallahi ta ga wannan haɗin a teburin Baba, da idonta. Mutumin da ko maɓalli bai taɓa ƙirƙira ba, yaushe ya yi wannan basira? Bayan mako ga ta biyu, ga ta uku, kwastomomi kuma suka fara tsallaka titi suna sunkuyar da kai.

Ruwa ba ya tsami banza. Ta sa wa tsohon ido, kuma mai neman laifi ba ya rasawa. Ta ga ya sake tabarau. Ta ga na tsallake ya ɗaga masa hannu. Ta lura kullum da hantsi yakan sulale ta ƙofar baya, ya dawo yana haki, ba ya haɗa ido da ita. Da ta kai wa mahaifiyarta zancen, tsohuwar ta ce ta kiyayi Allah, mutumin nan shi ya goya ta ranar da ta karye a hannu, ya ruga da ita asibiti. Sufeto ta ce ai na gida shi ya san inda rufi ke yoyo. Ta rubuta takardar sallama, ta sa a ambulan. Abu ɗaya ya rage, ta kama shi dumu-dumu.

Washegari da hantsi ya tashi, ta ba shi tazara ta bi. Ta yi zaton titi zai tsallaka. Ina! Durom ya nufa. Ya taka bulo, ya zura rabin jikinsa ciki, dattijo mai furfura, yana lalube kamar kaza a bola. Ya ɗago da fil ɗaya da ɗan zare a tafin hannu, sai ya gan ta.

Ta tambaye shi me yake nema. Ya ce aikinsa na jiya. Kullum ya haɗa abu ya bari ya kwana, don shi idonsa sai da safe yake gane mai kyau, kullum sai ya tarar an share. Ya biyo durom, na tsallake ya riga shi kwashewa, da fil ɗin da komai.

Nan take Sufeto ta tuna. Matashin kai! Ita da bakinta ta ce ya kwasa.

"Baba, me ya hana ka gaya mini?"

"Ke kika ba shi izini. Na ɗauka da gangan ne, kina so in gaji in tafi da ƙafata." Ya dubi ambulan ɗin da ke hannunta. "Wannan tawa ce?"

Ƙarya ta ƙi fitowa. Kunya ta rufe ta, ta yayyaga takardar, ta ɗaga hannu za ta jefa a durom. Ya ce kul, duk abin da ya shiga nan gobe yana tagar maƙwabci.

A ranar ta sa wa durom kwado. Ta ɗauki allin yanka ta zagaye teburin Baba a ƙasa, ta ce wa mai shara tsintsiyarta ta tsaya a bakin layin nan, ko da ƙyalle ya kai rufi. Teloli suka yi ta ƙunshe dariya, wai Sufeto ta yanka wa juji fili.

Da aka tashi aiki, Baba ya tsince alluran da ke ƙasan teburinsa, ya rataye almakashinsa a ƙusa, abin da bai taɓa yi ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran ya yi mata sallama yadda ya saba tun tana ƙarama, ya kira ta 'yata.

"Sai da safe, Manaja," ya ce, ya wuce.